Wane irin layin waya ya dace da kasuwancin da ya fara girma?

Tambaya: "Ina sayar da kayan gini a Ƙofar Ruwa, Kano. Ina da shago da sito, na kuma buɗe reshe a Wudil. Yarana takwas har da direbobi. Lambar da ke jikin allon shago da rasit ita ce ta aljihuna, kuma kullum kwastomomi na ƙorafin sun kira sun tarar ana magana, ko ba a ɗauka ba. Wani ya ce in sa wayar tebur, wani ya ce CUG, ɗana kuma ya ce layin intanet ake yayi yanzu. Wanne zan ɗauka?"

Amsa:

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Mutum ukun nan da suka ba ka shawara babu wanda ya faɗi ƙarya, sai dai kowannensu matsala daban yake magancewa. Kafin a zo kansu akwai tambaya biyu da nake yi wa duk wanda ya zo mini da irin wannan magana. Sunan wa ke kan lambar? Kuma mutum nawa ke buƙatar amsa ta a lokaci guda? Ta farkon ta fi nauyi nesa ba kusa ba, kuma ita ce 'yan kasuwa suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Tun Disamba 2020 gwamnati ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. Saboda haka a wajen kamfanin waya, mai layi shi ne wanda NIN ɗinsa ke kai. Wanda ya ba da kuɗin sayen sim, ko wanda yake sa kati duk mako, ba shi da ta cewa. Abin da ya fi faruwa a kasuwa shi ne maigida ya ba yaro kuɗi ya ce je ka sayo mana layin shago, yaro ya je ya bi layi, aka tambaye shi NIN ya ba da nasa. Lambar nan ta hau rasit, ta hau jikin mota, magina da 'yan kwangila sun ajiye ta a wayoyinsu da sunan shagonka. Bayan shekaru aka sallami yaro, ko aka rabu baram-baram. Ko da ya ajiye maka sim ɗin a kan tebur ya tafi, gobe yana iya shiga ofishin kamfanin ya ce layinsa ya ɓata, a yi masa walkam-bak, na hannunka ya mutu nan take. WhatsApp ɗin shago ma ya bi shi, tun da layin ake turo wa lambar tabbatarwa. Jibi mai gini ya kira ya ce a kawo masa rodi tan biyu, sai wanda ya ɗauka ya ce to, daga sabon shagonsa. Lamba kamar rumfa ce a kasuwa, wanda takarda ke hannunsa shi ke da ita, komai daɗewar da wani ya yi yana zama a ciki.

Kai da sauƙi, tun da layin da sunanka yake. Amma shi ma yana da nasa aibin. Idan ka tafi Umara, wayar shago ta tafi Umara. Idan kana wajen ɗaurin aure ko jana'iza, ciniki ya tsaya har ka fito. Ba kuma za ka iya miƙa wa yaro wayar ka ce ya riƙa amsawa ba, domin ina kyautata zaton layin nan ne banki ke turo wa alat da lambobin sirri, kuma da shi ake tura kuɗi ta hanyar danna lambobi. Lambar da ke ɗaure da asusunka na banki bai kamata ta zama wadda aka rubuta da manyan baƙaƙe a bakin titi ba.

Ga abin da zan yi da ni ne. Lambar da kwastomomi suka riga suka sani sai ta zama ta shago dungurungum, kai ka yanki sabon layi na kanka, ka je banki ka sauya lambar alat zuwa sabon, ka sanar da iyali da abokai. Akwai ɗan ciwo a nan, na sani, mutum ya rabu da lambar da ya riƙe shekara da shekaru. Amma sanar da 'yan'uwa sabuwar lamba ya fi sauƙi a kan sanar da duk maginin da ya taɓa sayen siminti a wajenka. Idan kasuwancinka na da rijista da hukumar rijistar kamfanoni ta CAC, ka je babban ofishin kamfanin layin, sashen da ke kula da kamfanoni, ba wajen masu lema a bakin hanya ba, ka nemi a mayar da layin ƙarƙashin sunan kasuwancin. Ka tafi da takardar rijista, lambar haraji ta TIN, da wasiƙa a takardar kamfani. A tsarin rijistar layukan kamfani akwai mutum ɗaya da ake naɗawa a matsayin wakili, NIN ɗinsa ke tsaye a kan layukan, sannan a haɗa da NIN na wanda ke riƙe da kowane layi. Wakilin nan ya zama kai. Yaro ya tafi, a cire sunansa a sa na wani, lamba tana nan.

Yanzu wayar tebur. Irin wadda muka sani a da, mai igiyar da ta taso daga turken NITEL, mai farawa da 064, zancenta ya wuce. Kafin MTN da Econet su fara aiki a Agusta 2001, layukan da ke aiki a duk ƙasar nan ba su wuce kimanin 400,000 ba, kuma NITEL ɗin ta durƙushe har aka sayar da kadarorinta. Su Starcomms da Multi-Links da Visafone da suka cike gurbin na wani lokaci su ma sun ɓace. Abin da ake sayarwa yau da sunan wayar tebur, galibi akwati ne mai hannun ɗauka da eriya wanda ake sa wa sim na yau da kullum. Ba na raina ta. Ba ta shiga aljihu, ba ta bin yaro gida, batirinta na daɗewa, kuma ba a kallon bidiyo da ita. Kowa ya san inda take, duk wanda ke kusa sai ya ɗauka. Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba: sim ɗaya magana ɗaya yake ɗauka. Idan yaro na kan waya da mai neman fenti, mai neman kwano zai ji abin da yake ji yanzu.

Wannan kuwa akwai maganinsa na kyauta da mutane da yawa ba su sani ba, wato karkatar da kira. A wayar da babban layin ke ciki, ka danna **67* sai lambar yaron da kake so, sai #, ka kira. Daga nan duk kiran da ya shigo ana cikin magana zai faɗa wa yaron. **61* na kiran da ya yi ta ƙara ba a ɗauka ba ne, **62* kuma na lokacin da waya ke kashe ko babu sabis. Idan kana son soke su duka, ##002#. Galibi kwastoma ba zai san an karkatar da shi ba, lambar shago ya kira kuma an amsa masa. Kuɗin sashen da aka karkatar daga katin babban layin ake cira, don haka kada a bar shi babu kati, in ba haka ba kiran zai yanke ba tare da kowa ya sani ba. Ga shago mai girman naka, wannan kaɗai yana iya kashe rabin ƙorafin.

CUG wani abu ne daban. Tsari ne da kamfanin waya ke haɗa layukanku cikin rukuni ɗaya, ka biya kuɗi tsayayye duk wata a kan kowane layi, ku riƙa kiran juna ba tare da an ci kati ba. Tsakanin shago da sito da Wudil da direbobi, inda ake kira sau ba adadi don a tambayi ko an gama lodi ko mota ta wuce Mariri, yana rage kashe kuɗi sosai, ya kuma kawar da uzurin "ba ni da kati". Amma na cikin gida ne. Bai ƙara wa lambar allon shago komai ba. Kuma dole layukan su zama na kamfani ɗaya, don haka zaɓen kamfanin ya zama da ƙafa aka yi shi. Ka ɗauki sim na kowanne ka shiga can ƙuryar sito, inda rodi ke jibge ƙarƙashin rufin kwano, ka yi kira. Ka yi haka a reshen Wudil, ka kuma tambayi direbobi wane layi ne ke ɗaukewa a hanyoyin da suka fi bi. Kamfanin da ya fi ƙarfi a Zoo Road ba lallai ne ya fi ƙarfi a ƙauyen da ake kai bulo ba. Kada kuma lambar da kake da ita ta ɗaure ka: tun Afrilu 2013 ana iya ƙaura da lamba daga wani kamfani zuwa wani ba tare da ta canza ba, sai dai idan an ƙaura sai an jira wani lokaci kafin a sake. Game da farashi, ka tambaya da bakinka a ofis. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025, saboda haka farashin da maƙwabcinka ya gaya maka na shekarun baya ya tashi aiki.

Sai shawarar ɗanka, wadda ita ce ta fi buƙatar bayani. Layin intanet, wanda masu sana'ar ke kira VoIP, yana mayar da murya zuwa data ya aika ta intanet. Babban abin da ya raba shi da sim shi ne lamba ɗaya na iya ɗaukar kira da yawa a tare. Kamfanin da ke ba ka lambar zai sayar maka da hanyoyi, misali huɗu, wato mutum huɗu na iya kiran lambar shago a lokaci ɗaya kowa ya samu mai amsa masa. Bayan lambar akwai na'urar rarraba kira da ake ce wa PBX. Tana iya zama ɗan akwati a ofishinka irin na Yeastar ko Grandstream, ko manhaja irin 3CX ko Asterisk, ko kuma tana can wajen kamfanin kai dai haya kake biya duk wata. Kowane ma'aikaci yana da gajeriyar lamba ta cikin gida: kanta 101, sito 102, Wudil 103. Kira ya shigo, wayoyi uku su yi ƙara tare, wanda ya riga ɗauka shi ke da shi. Mai kira ya tambayi ko akwai tayil kala kaza, sai a tura shi sito kai tsaye ba sai an ce masa ya kashe ya kira wata lamba ba. Ƙarshen wata ka buɗe ka ga kira nawa ya shigo, nawa aka rasa, da ƙarfe nawa, wa ya ɗauka. Ana kuma iya naɗar maganar, abin da ke kashe gardamar "ai ba haka ka gaya mini farashin ba". Idan za ka naɗa, ka sa a riƙa sanar da mai kira tun farko. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ban da haka ma naɗar muryar mutum a ɓoye ba mutunci ba ne.

Duk wannan gaskiya ne, kuma shi masu talla za su nuna maka. Abin da ba sa saurin faɗa shi ne layin nan a kan abu biyu yake tsaye, wuta da intanet, ko wanne ya faɗi layin ya faɗi. Ba yawan data yake ci ba. Kira ɗaya bai wuce kilobit 100 a daƙiƙa ba, ko intanet mai rauni na iya ɗaukar wannan. Abin da yake so shi ne daidaito. Bidiyo idan intanet ta yi tangal-tangal yana tsayawa ya jira ya ci gaba, murya kuwa ba ta jira. Idan jinkirin tafiyar murya ya haura milisakan 150 sai ka ji kuna karo, kai ka fara magana shi ma ya fara. Idan ɗan kaɗan na datar ya riƙa zubewa a hanya, sai kalmomi su riƙa guntulewa, dubu sha biyar ta koma dubu biyar a kunnen mai saye. Intanet ɗin sim a tsakiyar kasuwa da rana, lokacin da dubban wayoyi ke kan turke ɗaya, ita ce ta fi yin haka, kuma lokacin ne kiranka ya fi yawa. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya ɗora babban layinsa a kan VoIP sai yana da igiyar faiba ko wata intanet tsayayya, da sola ko inbata da ke riƙe na'urar intanet da akwatin da wayoyin ko an ɗauke wuta. Idan babu waɗannan, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago. Ko da akwai su, ka sa a tsara cewa intanet na ɗaukewa kira ya koma kan wayar hannu da kansa. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Yammacin Afirka, bankuna da kamfanoni da yawa a ƙasar nan suka shiga matsala. Irin wannan ranar kake tanadi dominta.

Akwai tarko uku da nake gani a wannan harka. Na farko, kamfanonin waje da ake samu a intanet masu arha, waɗanda ke ba ka lambar Amurka ko Ingila. Magini a Wudil ba zai kira lambar da ta fara da +1 ba, idan kuma kai ka kira shi da ita ba zai ɗauka ba, zai zaci 'yan damfara ne. Ka nemi kamfani mai lasisin NCC da zai ba ka lambar Najeriya. Lambobin girke na Kano yanzu da 02064 suke farawa, tun da aka ƙara 02 a gaban tsohuwar lambar gari daga farkon 2024. Na biyu, tsarin ƙaura da lamba da na ambata na layukan salula ne. Lambar da kamfanin VoIP ya ba ka, idan kun ɓata ko ya rufe, kada ka sa rai za ka tafi da ita. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa lambarka ta yanzu ta ci gaba da zama a saman allo, sabuwar ta biyo ƙasa. Na uku shi ne sata. Akwatin PBX da aka bari da lambar sirrin da ya zo da ita daga kamfani, ɓarayin intanet na lalubo shi su yi ta kiran ƙasashen waje cikin dare a kan asusunka. Duk wanda zai haɗa maka, ka tsaya a kansa ya canza lambobin sirri ya kuma toshe kiran waje in ba ka buƙatarsa.

Akwai hanya ta tsakiya da ta dace da 'yan kasuwa irinka: wani akwati da ake sa wa sim biyu ko huɗu a haɗa shi da PBX. Lambarka ta yanzu ta shiga ciki, idan aka kira ta sai duk wayoyin shago su yi ƙara, idan tana kan magana kira ya karkata zuwa sim na biyu a cikin akwatin. Kira daga waje ta sabis ɗin salula yake shigowa, don haka a cikin shago ba ka dogara da intanet ba. Abin kiyayewa kawai, kada wani ya ruɗe ka da cewa za a riƙa shigo da kiran ƙasashen waje ta cikin akwatin a raba riba. Wannan laifi ne da NCC ke farautar masu yinsa.

Idan har ka kai ga sa irin wannan tsari, don Allah kada ka bari a cika shi da "danna ɗaya, danna biyu" cikin Turanci. Mai kiranka sau da yawa yana kan gini ne, hannunsa da siminti, katinsa ɗan kaɗan. Sallama gajeriya da Hausa, sannan mutum ya ɗauka.

Lambobin 0700 da 0800 ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba. A 0800 kai ke biyan kuɗin duk wanda ya kira, har da yaran da ke wasa da waya. 0700 kuma lambar ado ce mai sauƙin haddacewa, mai kira ke biya. Sun dace da banki ko kamfanin da ke talla a rediyo duk faɗin ƙasa. WhatsApp ma ba ya karɓar lambar kira kyauta, alhali yau rabin cinikin kayan gini a can ake yinsa: hoton tayil, saƙon murya, hoton rasit ɗin tura kuɗi. A kan babban layin shago ka sa WhatsApp Business, ka haɗa shi da wayoyin yara ko kwamfuta, yana karɓar ƙarin na'urori har huɗu, kuma kana iya cire kowacce daga babbar wayar ranar da ka ga dama. Ka kunna matakin tsaro na biyu mai lamba shida, kai kaɗai ka san ta. Ka kuma ja kunnen yara cewa duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da aka turo ta saƙo, ɓarawo ne, ko da ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake.

A ganina, da mutum takwas da reshe ɗaya, lokacin VoIP bai yi maka ba tukuna. Ka mayar da lambar nan ta shago, ta zauna a waya ɗaya da ba ta barin kanta, a karkatar da kira zuwa yaro na biyu, a sa kowa a CUG. Sannan ka ba wani yaro littafi ya yi mako biyu yana rubuta kiran da aka rasa da lokacinsu. Idan bayan haka har yanzu kana ganin mutum uku na karo a kan layi tsakanin ƙarfe tara da azahar, ko ka buɗe reshe na uku, ko ka ɗauki wanda aikinsa kawai amsa waya, to a lokacin kuɗin akwati da faiba da sola za su biya kansu, sai ka kira ɗanka ku zauna.

Ka kuma ajiye layi ɗaya na wani kamfani daban a matsayin na ko-ta-kwana, ka rubuta shi a rasit ƙasa da babban. Amma kada a jefa shi a durowa a manta. A ƙa'idar NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wani abu na kuɗi da shi ba ana iya dakatar da shi, idan ya ƙara wata shida a haka kamfani na iya karɓe lambar ya sayar wa wani. Ka sa cikin aikin mai riƙe kanta ya sa masa kati ya yi kira da shi ko sau ɗaya ne a wata.